Sanƙo, amosani da ƙurajen ƙeya: wanne za a fara kamawa?

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata 28. Kusan shekara biyu ke nan ina lura gashin gaban goshina yana ja da baya ta gefe biyu, yanzu kuma mai askina ya ce tsakiyar kan ma ta fara haske. Mahaifina har yau da sumarsa, amma kawunaina biyu duk masu sanƙo ne. Wasu abokaina sun ce hula ce, don kullum tana kaina, wasu sun ce ruwan burtsatse ne. Na sayi man gashi kala uku a intanet ban ga canji ba, sai ma amosani da ya ƙaru. An ba ni labarin wani maganin shafawa da wata ƙwaya, amma an ce ƙwayar tana kashe ƙarfin namiji, ni kuwa bikina saura wata huɗu. Me zan yi? Akwai kuma 'yan ƙuraje da ke fito mini a ƙeya bayan aski, amma su ba su dame ni sosai ba."

Wa alaikumus salam, ango. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Abu uku ka kawo mini a saƙo ɗaya: gashin da ke ja da baya, amosani, da ƙurajen ƙeya. Ka jero su ne gwargwadon yadda suke damun ka. Ni da a gabana kake zaune a asibiti, juya ka zan fara yi in duba ƙeyar nan da ka ce ba ta dame ka ba. Sanƙo a hankali yake tafiya, shekara da shekaru, kuma saiwar gashin takan daɗe da ranta a cikin fata. Ƙurajen ƙeya kuwa suna iya zama tabo, kuma duk inda tabo ya zauna gashi ya yi sallama da wurin ke nan. Zan fara da abin da ya kawo ka, amma kada ka tsaya da karatu a can.

Yadda sanƙo ke kama kai

Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000, kowane sili da saiwarsa a cikin fata. Saiwa takan yi shekara 2 zuwa 6 tana fitar da gashi, kusan santimita ɗaya a wata, sai ta huta kamar wata uku, tsohon silin ya faɗi, sabo ya biyo baya. A kowane lokaci kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gashin suna girma, sauran suna hutu. Don haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Mu da muke aski ƙasa-ƙasa ba ma ma lura da su.

Abin da ke faruwa a sanƙo daban ne. Jikin namiji yana juya wani kaso na sinadarin maza, wato testostaron, zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT. A kan wanda ya gaji abin, saiwoyin gaban goshi da na tsakiyar kai suna jin wannan sinadari fiye da kima. Duk lokacin da suka zagayo, sai saiwar ta ƙara tsukewa, lokacin girmanta ya ragu, silin da za ta fitar ya zo siriri, gajere, ba baƙi sosai ba. Kamar gonar da ƙarfinta ke ƙarewa ne: bana gero ya yi kara mai kauri, baɗi ya zo siriri, wata shekarar ya tsiro amma ko gwiwa bai kai ba. Saiwoyin gefen kunne da na bayan kai ba su cika jin DHT ba, shi ya sa za ka ga dattijo mai sanƙo tal amma gashi ya zagaye masa kai ta baya.

An daɗe da gane wannan. A 1942 wani masani Ba'amurke, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma idan aka ba su testostaron, masu sanƙo a danginsu sai su fara. Shi ya tsara matakan sanƙo a 1951, wani likita mai suna Norwood ya gyara tsarin a 1975, kuma da matakan nan bakwai muke aiki har yau. Yadda ka siffanta naka, gefen goshi biyu sannan tsakiyar kai, shi ne hanyar da sanƙon gado ya saba bi. A lura, mai sanƙo bai fi sauran maza yawan testostaron ba. Saiwar kansa ce ta fi jin sa.

Maganar mahaifinka da kawunanka kuwa, ba abin mamaki ba ne. Ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin gadon da ke da hannu a sanƙo daga wajen uwa namiji ke samun ta, saboda haka kawu madubi ne mai kyau. Amma ƙwayoyin gadon da ke haɗuwa su kawo shi suna da yawa, ta ɓangaren uwa da na uba duka, shi ya sa wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya kan bambanta. A binciken da aka yi a kan Turawa, kusan rabin maza suna da sanƙo kaɗan ko da yawa kafin su cika shekara 50. A cikin baƙar fata adadin bai kai haka ba, amma ba baƙon abu ba ne.

Hula ba ta da laifi. Saiwar gashi daga jini take samun abinci da iska, ba daga waje ba. A ƙasar Hausa kusan duk magidanci da hula yake yini, da ita ce ke kawo sanƙo da babu mai gashi a sahun masallacin Juma'a. Abin da ke ruɗar mutane shi ne mai sanƙo ya fi kowa riƙe hula, sai a ɗauka ita ta jawo. Inda hula ke da hannu shi ne tsabta: wadda ta sha gumi da mai, ana sa ta wata guda ba a kai wa mai wankin hula ba, tana ƙara amosani da ƙuraje. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yakan busar da gashi, ya hana sabulu kumfa, amma ba ya kai wa ga saiwa. Ai da shi mata da yaran gidan suke wanka su ma. Yawan aski tal-kwabo ba ya ƙara kaurin gashi, ba ya kuma rage shi. Kusantar iyali ko yawan mafarki ba su da alaƙa da sanƙo ko kaɗan, ina faɗa ne don samari da yawa suna ɗauke da wannan zargin a ransu ba su iya tambaya. Masu cewa sanƙo alamar kuɗi ce kuma, Allah ya sa bakinsu ya kama ka.

Ƙeyar da ka raina

Akwai ƙurajen aski na yau da kullum da ke fitowa kwana biyu su baje. Akwai kuma wani nau'i da a likitance muke kira akne keloyidalis, wanda ya fi kama maza baƙar fata daga balaga zuwa shekaru talatin da wani abu. Gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan aka yanke shi daf da fata, musamman da reza wajen fitar da layin ƙeya, bakin silin yakan yi tsini ya lanƙwasa ya soki fata, ko ya karye a ciki. Jiki ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu, wurin ya kumbura. Sai gogar kwalar riga, bakin hula ko hular kwano ta ƙara masa wuta, mako biyu kuma a koma shagon aski a bi ta kansa da kilifa.

Da farko ƙanana ne masu tauri, a jere a ƙasan ƙeya, suna ɗan ƙaiƙayi, wani lokaci mai aski ya ce maka "ya ɗan yi jini fa" ya fesa sifirit. A wannan matakin ne kowa ke cewa bai dame shi ba. Idan aka ci gaba, sai su haɗe su zama tudu ɗaya mai sheƙi, babu gashi a kansa sai ɗan tsiro nan da can, inda za ka ga sili biyar ko shida suna fitowa ta rami ɗaya. Wani yakan yi ruwa da wari, ya ɓata kwalar riga da matashin kai. Na ga magidanta da suka daina cire hula ko a cikin gida saboda shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai a aikin nan shi ne abin da ake zuba wa wurin kafin a zo asibiti: baƙin mai, man birki, toka da kanwa, har ruwan batir. Wani direban babbar mota ya zo mini bayan an ɗiga masa ruwan batir a ƙeya don a ƙone ƙurajen. Sun ƙone ɗin, amma fatar da ke saurin yin tabo ce, sai ƙunar ta warke da tudu mai faɗin tafin hannu, ya ninka abin da yake da shi tun farko. Da ƙyar yake iya ɗaga kai sama sosai.

Abin yi tun yanzu mai sauƙi ne. Ka hana reza da aska taɓa ƙeyarka, ko don gyaran layi. Ka ce wa mai aski ya sa wa kilifa takalmi, lamba ɗaya ko biyu, ya bar gashin wurin da ɗan tsawo. Ka guji riga mai kwala mai tauri, kada ka matsa, kada ka sosa. Sannan ka kai wa likita ya gani. A matakin farko mukan ba da maganin wanke wurin, da man shafawa mai sitiroyid, wato sinadarin kwantar da kumburi, na ɗan lokaci ƙayyadadde, wani lokaci da ƙwayar doksisaikilin mai kashe ƙwayoyin cuta na wasu makonni. Waɗanda suka yi tauri akan yi musu allura a cikin ƙurjin kansa duk bayan mako huɗu zuwa shida. Wanda ya riga ya zama babban tudu sai leza ko tiyata, kuma ko an yi gashin ba ya dawowa.

Tunda muna shagon aski, ka sayi kilifarka. Ba ƙuraje kaɗai ake ɗauka a can ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma babban binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita. Ɗan hasken laita na daƙiƙa biyu, ko goga fetur da kananzir da buroshi, ba abin dogaro ba ne. Idan wurin wanzami kake zuwa, a sa sabuwar reza a gabanka. Da yake za ka yi gwajin kafin aure, ka tabbata an haɗa da na ciwon hanta, in ba ka da shi ka karɓi allurar rigakafinsa.

Amosani da man da ka saya

Ban yi mamaki da amosaninka ya ƙaru ba. Akwai wata ƙwaya dangin yis da ke zaune a fatar kan kowa, kuma maiƙo ne abincinta. A kan wasu mutane fata ba ta jure abin da take fitarwa, sai ta yi ƙaiƙayi, ta riƙa saɓulewa da sauri. Mai amosani yana ganin farin gari sai ya ce kansa ya bushe, ya ƙara lafta mai, man zaitun ko wani haɗi, ya ƙara wa ƙwayar abinci. Bushewar hunturu daban take: gari ne mai laushi, kuma za ka ga ƙafafu da hannuwa ma sun yi furu-furu. Amosani ɓawonsa mai maiƙo ne, yakan sauko gira, gefen hanci, gemu da bayan kunne, a fatarmu kuma yakan bar wurin ya yi haske.

Ka ajiye mayukan nan uku. Ka nemi shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, wanda aka fi sani da Nizoral, ko mai sinadarin seleniyom. Sau biyu a mako har mako huɗu, ka cuɗa shi ya taɓa fata, ka bar kumfar minti biyar kafin ka wanke. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba, shafawa suke su ɗauraye nan take. Bayan ya lafa, sau ɗaya a mako ko mako biyu ya isa. Amosani kwantar da shi ake yi, yakan dawo in an saki. Ba ya kawo sanƙo, sai dai susa tana karya gashi. Kada ka karɓi man nan mai haɗin magani uku da ake miƙo wa kowa a kemis. Sitiroyid mai ƙarfi ne a ciki, zai kwantar da ƙaiƙayi kwana kaɗan, ya sirantar da fata, ya tayar da ƙuraje. Idan amosani ya zo da ƙarfi farat ɗaya, ya bazu fuska da ƙirji, ya ƙi magani, mukan duba garkuwar jiki har da gwajin HIV.

Magungunan da aka ba ka labari

Biyu ne aka tabbatar suna aiki a sanƙon gado. Na shafawar shi ne minoksidil. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shan sa gashi na fito musu, sai aka mayar da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Maza kan yi amfani da mai kashi 5 cikin 100, mililita ɗaya safe da yamma, a kan busasshiyar fata ba a kan gashi ba. Tsakanin mako biyu zuwa takwas na farko zubewar takan ƙaru, saboda tsofaffin silin suna ba sababbi wuri. A nan mutane da yawa ke tsorata su jefar da kwalbar. Ba a ganin canji sai wata huɗu zuwa shida, hukunci kuma sai an shekara. Ya fi aiki a tsakiyar kai fiye da gefen goshi, kuma ba kowa yake karɓa ba. Yana iya sa ƙaiƙayi, shi ya sa nake so ka fara kwantar da amosani, kuma kada ya taɓa ƙurajen ƙeya. A wanke hannu bayan shafawa, a bari ya bushe kafin a kwanta, don yana fitar da gashi duk inda ya saba taɓawa, har fuskar wadda kuke matashi ɗaya da ita. A ɓoye shi daga yara. Ka duba lambar NAFDAC, jabu sun yi yawa.

Ƙwayar kuma finasterayid ce, miligiram ɗaya a rana, an amince da ita don sanƙo a 1997. Tana rage DHT da kusan kashi biyu cikin uku, wato tana kama abin daga tushe, kuma ta fi na shafawa ƙarfi. A manyan gwaje-gwajen da aka yi, fiye da mutum 8 cikin 10 zubewar ta tsaya musu a shekara biyu, kusan 2 cikin 3 kuma sun ga ƙarin gashi.

Abin da ka ji game da ƙarfin namiji yana da tushe, sai dai an kambama shi. A gwaje-gwajen nan, kusan mutum 4 cikin 100 sun yi kukan raguwar sha'awa ko rauni, amma cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki ma kusan 2 cikin 100 sun yi kuka iri ɗaya. Yawanci abin yana wucewa idan an daina sha. Akwai 'yan kaɗan da suka ce ya ci gaba da damun su bayan sun daina, kuma hukumomin magunguna a Turai sun sa gargaɗi kan baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai, don haka mai tarihin ciwon damuwa ba na ba shi. Tana iya rage yawan maniyyi ga wasu mazan, ya dawo bayan an daina. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe, don tana iya illa ga al'aurar ɗan tayi namiji. Mai shan ta da ya manyanta kuma ya gaya wa likita kafin gwajin jini na furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, saboda tana rage sakamakon da kusan rabi.

Ga ra'ayina a kanka. Ba zan fara ba ango finasterayid saura wata huɗu biki ba. Ba don haɗarin yana da yawa ba, sai don ka riga ka ji tsoron ta, kuma tsoro kaɗai ya isa ya kawo abin da ake gudu. Ga shi za ku so haihuwa da wuri. Sanƙon da ya yi shekara biyu kafin ya kai inda yake ba zai cinye kanka a wata shida ba. Ka yi aurenka, ka natsu, sannan ka zauna da likita, da ita uwargidan ma in ka ga dama, ku yanke shawara. Minoksidil kana iya farawa da zarar amosani ya lafa, amma kada ka sa rai da suma ranar biki, ba a fafe gora ranar tafiya. Da hula za ka je ɗaurin aure ko yaya.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, duka biyun riƙe gashi suke yi muddin ana amfani da su. Ka daina, cikin wata uku zuwa shida na shafawar, ko cikin shekara na ƙwayar, kai zai koma inda da zai kasance da ba a taɓa yin komai ba. Don haka kafin ka sayi kwalbar farko, ka tambayi kuɗin ta wata ɗaya, ka lissafa na shekara, ka tambayi kanka ko za ka iya shekara goma a haka. Wanda zai yi wata uku ya bari, gara ya riƙe kuɗinsa.

Man kaɗe, man kwakwa, man habbatus sauda da na darbejiya suna tausasa gashi, su rage karyewa, ban hana mai lafiyayyen kai ba. DHT dai ba ruwansa da su. Man rozmeri da ake ta yayatawa, wani ƙaramin bincike ne na mutum 100 da aka yi a Iran a 2015 ya ɗaga shi, kuma da minoksidil mai rauni, na kashi 2, aka gwada shi. Goga tafarnuwa ƙuna take yi. Ƙwayoyin bayotin, wani nau'in bitamin, ba sa ƙara komai ga wanda ba shi da ƙarancinsa, suna ma iya rikita sakamakon gwajin jini na zuciya da na tayrod, wato ƙullin da ke gaban wuya. Hotunan "kafin" da "bayan" kuwa, ka lura da kyau: na farko da rana tsaka an jiƙa kai, na biyu a inuwa an barbaɗa baƙin gari.

Dashen gashi, da barin sa

Dashe na gaskiya ne. Tun 1959 wani likitan fata a Amurka, Norman Orentreich, ya nuna cewa saiwar da aka ɗauko daga bayan kai tana riƙe halinta ko an mayar da ita gaba. A yau Santambul ta Turkiyya ta zama kasuwar abin, 'yan ƙasarmu ma suna zuwa. Amma dashe ba ya ƙara ko sili ɗaya, kwaso na baya ake yi a rufe gaba, kuma sanƙon yana ci gaba da cin na asali da ke bayan layin da aka dasa, don haka ba ya raba mutum da magani. A shekara 28 ba a san inda naka zai tsaya ba tukuna. Saiwar gashinmu a lanƙwashe take a cikin fata, hannun da bai saba da ita ba yakan yanke ta wajen cirewa. Mafi muhimmanci a gare ka, bayan kai shi ne rumbun da ake ɗiba, kuma nan ne ƙurajenka suke. Mai akne keloyidalis ko fatar da ke yin tudun tabo, yawancin likitocin kirki ba za su taɓa shi ba. Hukuncin dashe a addini kuwa na malamai ne, su za ka tambaya.

Akwai zaɓin da ba na so a raina: ka rage gashin duka ƙasa-ƙasa da kilifa, ka yi gyaran gemu, ka ci gaba da harkarka. Sanƙon gado ba cuta ba ce da ke taɓa lafiyar jiki. Cikin mutanen da nake gani, waɗanda suka zaɓi haka ba su fi kowa zama cikin damuwa ba. Kai dai ban da reza, ƙeya kuma a bar ta da ɗan tsawo, saboda irin fatarka.

Idan ba sanƙo ba ne fa?

Gani ya kori ji. Duk abin da na faɗa a kan siffar da ka bayar na gina shi, ban ga kanka ba, kuma akwai abubuwan da ke kama da sanƙo alhali maganinsu daban. Wanda ya yi taifot, zazzaɓi mai tsanani, tiyata ko rama farat ɗaya, bayan wata biyu zuwa uku gashi kan zube masa ta ko'ina a kai. Wannan yakan dawo da kansa cikin kamar wata shida. Ƙarancin jini da ciwon tayrod ma suna sirantar da gashi, gwajin jini ke nuna su. Zagayayyen fili sumul da ke bayyana dare ɗaya a kai ko a gemu, wanda mutane kan danganta da sammu ko iska, garkuwar jiki ce ke kai wa saiwa hari. Da yawa suna cikewa cikin shekara, allura a wurin kuma tana gaggauta shi. Makero ya fi kama yara, da ɓawo da karyayyen gashi, wani lokaci da kaluluwa a wuya, kuma sai an sha magani na makonni, na shafawa kaɗai ba ya kashe shi. Tunjere ma a mataki na biyu yakan cinye gashi tsilli-tsilli.

Wanda ba ya jira shi ne duk wurin da ke zafi, yake ruwa, ya canza launi, ko ya yi sheƙi har ba ka ganin ƙofofin gashi a fatar. Wannan alamar saiwa na mutuwa ce, kuma abin da ya rage kawai ake iya ceta.

Likitocin fata ba su da yawa a Arewa, an fi samun su a asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, don haka ka fara da likitan da ke kusa ya duba ka ya rubuta maka takardar turawa. Kafin ranar, ka bar aski na mako biyu don a ga yadda gashin yake, kada ka shafa mai a kai ran da za ka je. Ka sa wani ya ɗauki hoton goshi, tsakiyar kai da ƙeya a waje da safe, ka riƙa maimaitawa duk wata a wuri ɗaya. Mayukan nan uku kuma ka zuba su a leda ka tafi da su, likitan zai so ya karanta abin da ke jikinsu.